Likitan da ba shi da suna a Hausa: tambayoyi da amsoshi daga Nima

Shekara huɗu ke nan da hawan jini ya kayar da mahaifiyarmu a gaban tukunyar waakye, wato shinkafa da wake, da sassafe, a nan Nima cikin birnin Akra. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ranar da aka sallame mu daga asibiti an ba mu takarda biyu. Ta farko ta fisiyo ce, wato masu motsa gaɓoɓi, wannan kowa ya san ta. Ta biyun haruffa biyu kawai aka rubuta a samanta, O da T. Wanda ya miƙo mana ita ya yi bayani da Turanci, na kuma ji Turancin sarai, amma da Mma ta tambaye ni, "Wannan kuma likitan mene ne?" sai na rasa abin da zan ce mata da Hausa. Da yake na kasa faɗa, ba mu je ba. Takardar ta yi wata biyar a ninke cikin jakar katin inshorar lafiya.

Tun daga lokacin nake raka 'yan unguwa asibiti ina yi musu tafinta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini, a ƙofar masallaci, a wajen suna, wani lokaci a kan benci muna jiran a kira mu.

Wai mene ne wannan O.T. ɗin?

Gajarta ce ta sunan Turanci, occupational therapy. Sana'ar lafiya ce mai zaman kanta, ana karanta ta shekara huɗu a jami'a. Aikin mai ita shi ne ya mayar da mutum ga abubuwan da yake yi wa kansa kafin ciwo ya raba shi da su, ko ya koya wa yaron da ya zo da lalura yadda zai fara yin su: cin abinci, wanka, sa tufafi, zagayawa, alwala, riƙe alƙalami, ƙirga canji, hawa motar haya ta trotro, komawa kan keken ɗinki.

Ta hanya uku yake bi. Yakan horar da hannun ko tunanin da ya raunana ta cikin aikin da mutum ya saba. In hakan bai isa ba, sai ya sauya yadda ake yin aikin, kamar ya koya maka ka fara zura hannun da ya shanye a cikin riga kafin mai lafiyar, in za ka cire kuma shi ne na ƙarshe. In nan ma da saura, sai ya gyara kayan aikin ko wurin: a naɗe wa cokali roba ya yi kauri yadda yatsu za su iya kama shi, a kafa ƙusa a jikin katako don ta riƙe albasa mai hannu ɗaya ya yanka, a huda kujera a ɗora a kan masai, a sa katako mai faɗi a kan kwatar ƙofar gida.

Me ya sa sunan yake rikita har waɗanda suka yi boko?

Saboda inda muka san kalmar. A Gana duk wanda ya taɓa cika takardar fasfo, ko ta banki, ko ta katin ɗan ƙasa, ya ga gurbin da aka rubuta occupation, ya kuma cika da tela, ko direba, ko 'yar kasuwa. Don haka in ya ga kalmar a takardar asibiti, abin da zai zo masa shi ne sana'a. Na ji dattijon da ya ce shi ai ya yi ritaya, me zai yi da wannan. Na ji uwar da ta ce yaron shekararsa uku, wane aiki yake yi. Akwai ma matashin da ya zo da takardun makarantarsa, a tunaninsa ofishin sama wa naƙasassu aiki ne.

Su masu sana'ar, abin da suke nufi da kalmar ya fi haka faɗi: duk abin da ke cika wa mutum yininsa, daga ya buɗe ido har ya kwanta. Wasa aikin yaro ne. Jan carbi da zuwa gaisuwar mutuwa aikin tsohuwa ne. Wannan ma'anar ko a cikin Turawa ta tsufa, su ma sai an yi musu bayani.

Gajartawar ma ba ta taimaka ba. In ka ce "Oti" a ƙasar nan, wanda kake gaya wa zai ɗauka yankin Oti kake nufi, ko sunan wani mutum.

To me zai hana a fassara shi kai tsaye a huta?

Gwada ka ji. "Maganin aiki." "Maganin sana'a." A Hausa, in ka ce maganin abu kaza, ɗayan biyu ne. Ko dai abin nan shi ne damuwar da ake son kawarwa, kamar maganin sauro da maganin ciwon kai, ko kuwa shi ake son jawowa, kamar maganin kasuwa da maganin farin jini. To "maganin aiki" ko dai ya zama abin da zai raba ka da aiki, ko ya zama laƙanin da za ka karɓo don a ɗauke ka aiki. Abin da ake nufi kuwa na uku ne, wanda ginin jimlarmu bai tanadar masa wuri a nan ba: aikin shi kansa ne maganin.

Wani malami ya ba ni shawarar mu ara daga Larabci, tunda kunnenmu ya saba da shi. Larabawa suna cewa al-ilajul wazifi, daga wazifa, wadda a wurinsu take nufin aiki ko muƙami. Amma ka faɗi haka a Nima ko Fadama, inda ake shimfiɗa farin ƙyalle kullum ana wazifar ɗariƙar Tijjaniyya, ka ga abin da za a fahimta.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne kalmar magani ita kanta. A bakinmu ba ta tsaya ga ƙwaya da allura ba. Muna cewa haƙuri maganin zaman duniya. Bahaushe ya riga ya yarda cewa abin da ba a haɗiya zai iya zama magani, saura a nuna masa cewa ɗaura zani da hannu ɗaya sau goma kowace safiya yana cikin irinsu.

Ba shi ne fisiyo ba?

'Yan'uwa ne, sau da yawa ma ƙofarsu na kallon juna, amma kowa da gonarsa. Mai fisiyo ya fi duba ƙarfin jiki, motsin gaɓoɓi, tsayuwa da tafiya. Shi wannan yana duba me za ka yi da motsin. Mai fisiyo ne ya tayar da Mma ta taka daga gado zuwa ƙofar banɗaki. Abin da ya rage bayan ƙofar, wato kwance zani, tsugunawa, riƙe buta, tashi, mayar da zani, duk da hannu ɗaya a kan siminti mai santsi, wannan aikin ɗaya likitan ne. Wata biyar ɗin nan da muka yi, tana iya tafiya amma sai an shiga da ita.

A zango mun haɗa su duka mun kira su "gashi" ko "tausa". Wannan kalmar tana da haɗari. In mutum ya ji gashi, sai ya ce ai muna da mai yi a gida, a dafa ruwa a tsoma tawul. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye kuwa sau da yawa ba ya jin zafi a wannan ɓangaren yadda ya kamata, sai a ƙona shi bai sani ba. Haka nan jan hannun da ya shanye don a tayar da shi, ko wai don a "miƙar da jijiya", yana iya gocar da kafaɗa ya bar shi da ciwon da zai daɗe.

Mu kaɗai ne sunan nan ya ba wahala?

A'a. Sana'ar ta samu ƙungiyarta ta farko a Amurka a 1917, a wani ƙaramin gari da ake kira Clifton Springs a jihar New York. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai George Barton, mai zanen gine-gine da ya yi fama da tarin fuka aka kuma yanke masa wani sashe na ƙafa, ya ga da kansa yadda aikin hannu ya dawo da shi cikin mutane. Akwai likitan ƙwaƙwalwa William Rush Dunton, da Eleanor Clarke Slagle. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya bunƙasa ta, da aka dawo da sojoji masu rauni ana koya musu saƙa da sassaƙa a gadajen asibiti. Daga nan aka laƙaba wa masu sana'ar cewa masu koyar da saƙar kwando ne, har yau ba su gama wanke kansu daga wannan ba.

Jamusawa sun daɗe suna kiranta da sunan da ke nufin jinya ta hanyar shagaltarwa da aiki, sai suka ga mutane na ɗauka rage wa majinyaci zaman banza ne kawai. A 1999 suka sauya sunan a doka zuwa Ergotherapie, daga kalmar Girkanci mai nufin aiki. Faransawa ma irin wannan sunan suke amfani da shi, don haka 'yan'uwanmu da ke zuwa daga Lome ko Yamai shi za su gani a takardarsu. Ƙungiyar masu sana'ar ta duniya an kafa ta a 1952, kuma kowace 27 ga Oktoba suna bikin ranarsu, wanda yawancinsa a kan bayyana wa jama'a ko su wane ne yake ƙarewa.

An ce mini na asibitin masu taɓin hankali ne. Gaskiya ne?

Akwai dalilin da ya sa ake faɗin haka. Tushen sana'ar yana cikin gidajen kula da masu taɓin hankali, inda aka lura cewa wanda aka ba aikin yi ya fi wanda aka ɗaure samun natsuwa. A Gana ma ta nan aka fara saninta. Asibitin ƙwaƙwalwa na Akra da aka buɗe a 1906, da na Ankaful na 1965, da na Pantang na 1975, nan ne mutane suka ga ana koya wa majinyata kafinta da ɗinki da saƙa. To in aka rubuta wa mai shanyewar jiki takardar, sai dangi su ce, "Shi ai ba mahaukaci ba ne."

Amsa biyu gare ni. Ta farko, yau aikin ya wuce nan nesa: masu shanyewar jiki, waɗanda wuta ta ƙona, 'yan okada da suka karye a hannu ko suka bugu a kai, masu ciwon suga da aka yanke wa ƙafa, tsofaffin da mantuwa ta kama, yara. Ta biyu, ko da na masu taɓin hankalin ne, mene ne abin gudu? Kalmar "mahaukaci" ta tattara mai baƙin cikin da ya hana shi fita daga ɗaki, da matar da hankalinta ya gushe bayan haihuwa, da matashin da ƙwaya ta ɓata, ta jefa su rami ɗaya da wanda ke yawo tsirara a shataletalen Circle. Yawancinsu in sun samu magani suna dawowa, abin da ke ba su wuya shi ne komawa cikin rayuwa: tashi a kan lokaci, wanka, riƙe kuɗi, zama da mutane, riƙe sana'a. Wannan kuwa shi ne ainihin aikin da muke magana a kai. Tun 2012 ƙasar nan take da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, Doka ta 846, wadda ta ba su haƙƙin a kula da su cikin mutunci.

Sunayen da muke kiran cututtukan fa, suna da wani tasiri?

Nan ne ma abin ya fi nauyi a wurina. Hausawa sun ce suna linzami ne, inda ya juya nan ake bi.

Ɗauki "shan inna". Sunan yana ɗauke da bayaninsa: Inna, aljana, ita ta shanye ƙafar. Wanda ya yarda da haka ba asibiti zai nufa ba. Alhali ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, rigakafi kuma ya kore ta har aka ayyana Afirka ta rabu da nau'inta na asali a 2020. "Shanyewar ɓarin jiki" ma haka. Abin da ya shanye, kamar ruwan da ƙasa ta sha ne, ya tafi. Muna ma cewa "hannun ya mutu". Wa zai ɓata lokaci yana koya wa matacce aiki? Amma hannun lafiyarsa ƙalau, jini na gudana a cikinsa. Raunin a ƙwaƙwalwa yake, inda jijiyar jini ta toshe ko ta fashe. Ƙwaƙwalwa kuma tana iya buɗe sababbin hanyoyi in ana ta maimaita motsi, musamman a watanni uku zuwa shida na farko. In aka bar hannun a cinya ana cewa ya mutu, ƙwaƙwalwar sai ta saba da rashinsa. Watannin da suka fi kowanne daraja ke nan, su ne kuma muka bar takarda a jaka.

Wasu kuma in abin ya faru sai a ce iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi masa, a kwantar da shi a ɗaki ana hayaƙi. Ina roƙonku, in kun ga baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ku kira lambar gaggawa 112 ko ku nemi mota nan take. Addu'a a cikin mota ma ana yin ta.

Sai kalmomin da muke kiran mutanen da su: gurgu, musaki, miskini. Ba laifin kalmomin ba ne kaɗai, laifin hoton da ke biye da su ne, na mutum zaune a bakin titi da ƙoƙo. Ranar da aka fara ce wa magidanci miskini, an riga an zaɓa masa sana'a. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 8 cikin 100 na 'yan Gana masu shekara 5 zuwa sama, mutum sama da miliyan 2, suna da wata wahala wajen gani, ji, tafiya, tunawa, magana ko kula da kai. Yawancinsu suna cikin gidajenmu, iyayenmu ne da kakanninmu.

Yarona ya shekara biyu bai zauna ba, wuyansa ba ya tsayawa. An ce ɗan ruwa ne.

'Yar'uwa, ɗanki ɗan mutum ne. A Twi suna cewa nsuoba, ɗan kogi, mu ma muna da tamu, kuma na san irin maganganun da ke biyo bayan sunan, har da masu cewa a raka shi ya koma inda ya fito. Abin da kika kwatanta ya fi kama da raunin ƙwaƙwalwa da kan samu jariri in haihuwa ta yi tsawo bai yi kuka da wuri ba, ko shawara mai tsanani ta kama shi a kwanakin farko, ko an haife shi bakwaini, ko sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro ya taɓa ƙwaƙwalwarsa. Likitan yara ne zai tabbatar. Raunin ba ya ƙaruwa, amma gaɓoɓi na iya ƙagewa in an bar yaro kwance wuri ɗaya.

Abin da wannan likitan zai yi miki: ya nuna miki yadda za ki goya shi, yadda za ki zaunar da shi ki ba shi koko ba tare da ya shaƙe ba, irin wasan da zai sa ya miƙa hannu. Akwai kujerun da ake yi da kwali da takarda da ƙullun rogo, masu ƙarfi, daidai jikin yaro, ana yin su a ƙasar nan. Yaron da ya zauna ya ga tsakar gida, ya ga 'yan'uwansa na wasa, ba ɗaya yake da wanda ke kallon rufi ba.

Kalmar "galahanga" da ake ji a rediyo ta fi ɗan ruwa sau dubu, amma ita ma jaka ce da ake zuba lalurori daban-daban a ciki. Ki nemi a faɗa miki takamaiman abin da ke damun naki. Gana tana da manufar karatu tare tun 2015, wadda ta ce makarantun gwamnati su karɓi irin waɗannan yara, akwai kuma makaranta ta musamman a Dzorwulu.

Likitan ya ce mu bar Baba ya riƙa cin abinci da kansa. Wannan ba rashin tausayi ba ne?

Na fahimci mai wannan tambayar fiye da kowa. An raine mu a kan cewa hidimar iyaye ibada ce. Kalmar "jinya" a wurinmu tana nufin ka ɗauke wa mara lafiya komai: ka ba shi a baki, ka yi masa wanka, ka ce "Sannu, Baba, kwanta abinka." In baƙo ya shigo ya tarar da tsoho na kokawa da cokali, shinkafa na zuba a rigarsa, 'ya'yansa na zaune suna kallo, kafin magariba labari ya zaga unguwa.

Ranar farko da muka je, ma'aikaciyar ta ajiye wa Mma kofi ta ce ta ɗauka. Hannuna ya kai kafin nata. Ta ce in mayar. Mma ta yi kusan minti biyu kafin yatsunta su zagaye kofin, ni kuwa kamar in fashe. Da muka fito ta ce mini, "Tun da na faɗi, yau ne aka bar ni na yi wani abu."

Turawan da suka tsara sana'ar suna yawan magana a kan mutum ya tsaya shi kaɗai, kada ya dogara da kowa. In aka fassara mana haka, ba zai shiga ba, don mu ba ma ganin dogaro da 'ya'ya a matsayin aibi. Abin da ke shiga shi ne mutunci da sutura. Tambayi kowane dattijo ko yana son surukarsa ta riƙa kai shi bayan gida. Ka ce masa ana so ne a mayar masa da sirrinsa, ka ga yadda zai miƙe. Hidimar ba ta ƙare ba, salonta ne ya sauya: ka zauna kusa, ka riƙe kwanon, ka yi haƙuri, ka share abin da ya zube ba tare da ka nuna ka gani ba.

Salla da alwala fa? Hannun dama ne ya tafi.

Ku faɗa wa likitan tun ranar farko cewa wannan ne kan gaba. Da yawansu ba Musulmi ba ne, ba za su san cewa buta da darduma sun fi komai damun majinyacin ba sai an gaya musu. Za su tambaya, "Me kake so ka koma yi?" Kada a amsa da "Duk abin da kuka gani." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In aka ce alwala, za su rarraba ta gaɓa-gaɓa, su duba inda ake zama, su ba da shawarar bokiti mai famfo maimakon buta, da kujera mai tsawon da ya dace.

Addini ya riga ya sauƙaƙa. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ce a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Ga kuma taimama. Batun ci da hagu ga wanda damarsa ta gaza, ku kai wa malaminku, zai gaya muku hukuncin mai uzuri. Na ga tsohon da ya gwammace a ba shi a baki shekara guda da ya ci da hagu, har sai da limaminsu ya zo gida ya yi masa magana da kansa.

Wa ya kamata ya yi tafinta?

Ba ƙaramin yaro ba, kuma in da hali, jinsi ɗaya da majinyacin. Rabin tambayoyin a kan wanka ne da tsarki da riƙe fitsari, wani lokaci har da kwanciyar aure. Ni ɗa namiji ba zan iya tambayar mahaifiyata waɗannan ba, ita ma ba za ta amsa a gabana ba. Sai ta ce "lafiya lau", likita ta rubuta babu matsala. Sai da ƙanwarta ta fara raka ta gaskiya ta fito. A kuma gargaɗi tafintan cewa "da sauƙi" da "alhamdu lillahi" gaisuwa ce, kada ya juya su zuwa Turanci a matsayin rahoto.

Zai warke?

Ya danganta da abin da ake nufi da warkewa. In ana nufin jiki ya koma kamar ba a taɓa yin ciwon ba, wasu suna samu, da yawa ba sa samu, kuma duk wanda ya yi maka alkawarin haka a kan kuɗi ka yi hattara da shi. In ana nufin mutum ya koma cin abincinsa, sallarsa, kasuwarsa, wannan ana samu fiye da yadda muke zato, ko da hannun bai dawo duka ba. Wanda ya makara ma ya je. Mu mun makara, an kuma samu abin da aka samu.

A ina ake samun su a Akra, kuma nawa ne?

Ba su da yawa, don sana'ar sabuwa ce a jami'o'inmu. Jami'ar Gana ta fara digirinta a harabar Korle Bu a 2012, 'yan farko suka fito a 2016. Ku fara tambaya a asibitin koyarwa na Korle Bu, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Akra da na Pantang ga abin da ya shafe su. In ana buƙatar ƙafar roba ko takalmin gyara, cibiyar da ke Nsawam tana wannan aikin tun 1961. A kowane asibiti kuke, ku ce wa likita ko mai fisiyo ya rubuta muku takardar turawa. Da rashin tayi akan bar arha.

Kuɗi ya bambanta daga wuri zuwa wuri, ku tambaya kafin a fara ko katin inshora ya ɗauki abin da za a yi. In wani zai riƙa zuwa gida, ku nemi ganin lasisinsa daga hukumar da Doka ta 857 ta 2013 ta kafa don ma'aikatan lafiya irin su. Akwai kuma kason da ake ware wa masu naƙasa daga asusun majalisun gundumomi. Ofishin jin daɗin jama'a na gundumarku ne ƙofar shiga, ana iya neman keken guragu ko jarin sana'a ta nan. Dokar Masu Naƙasa ta 2006, Doka ta 715, ita ce madogararku.

To kai da wane suna kake kiransu?

Ina cewa "likitan hidima", aikin kuma "komawa hidima". Na san ba likitoci ba ne irin masu rubuta ƙwaya, amma a bakinmu duk mai duba mara lafiya likita ne, kamar yadda muke cewa likitan ido da likitan haƙori. Na zaɓi hidima ne don ta ɗauki abin da aiki da sana'a suka kasa ɗauka: akwai hidimar gida, hidimar yara, hidimar biki, hidimar kai. Tsohuwa tana da hidima, mai ritaya ma yana da ita. In na ce wa mutum, "Wannan shi ne zai taimake ka ka koma hidimarka," ban taɓa buƙatar ƙarin bayani mai tsawo ba.

Babu hukumar da za ta raɗa mana suna. Hukumar Harsunan Gana tana aiki da harsuna 11, Hausa ba ta cikinsu, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita, kuma da ita ake ciniki daga Nima har Aboabo ta Kumasi. Saboda haka abin yana hannun masu gabatar da shirin lafiya a tashoshi irin su Marhaba da Zuria, da limamai a huɗubar Juma'a, da magajiyoyi a taron mata, da 'ya'yanmu da suka fara shiga wannan karatu. In wani ya zo da sunan da ya fi nawa zama a baki, zan bar nawa in ɗauki nasa.

Mma ba ta amfani da ko ɗaya. Yanzu tana zama a rumfar waakye da safe, ƙanwata na zubawa, ita tana karɓar kuɗi da hagu tana danne su da hannun daman. Kwanakin baya mijin wata maƙwabciyarmu ya faɗi, aka ba su irin takardar nan, matar ta kawo tana tambaya. Kafin in buɗe baki Mma ta ce, "Hajiya, kada ki ajiye ta. Wurin yarinyar nan ne da ta koya mini ɗaura zani." Ranar Litinin na raka su.